Aikin ɗan Staggerwing ɗina na katako

4 Nuwamba

Bismillah. Yau na buɗe littafin wannan aiki, kuma da gangan na jira wannan ranar domin ran 4 ga Nuwamba 1932 ne jirgin ya fara tashi a Wichita, jihar Kansas a Amurka. Beechcraft Model 17 sunansa na takarda, amma kowa Staggerwing yake ce masa. Na gaske dai ban da kuɗin ko tayarsa ɗaya, don haka ƙarami zan sassaƙa na ajiyewa a falo, ba mai tashi ba, kashi ɗaya cikin goma na girmansa. Samfurin D17S na zaɓa. Faɗin fukafukinsa mita 9.75, tsawonsa mita 8.18, kenan nawa zai zo santimita 97 da rabi a faɗi, 82 a tsawo, lissafi mai sauƙi ko ba kalkuleta.

Abin da ya ja ni gare shi tun ranar da na fara ganin hotonsa shi ne fukafukan. Duk jirgi mai fukafuki biyu da na sani na sama ne ke gaba, na ƙasa na biye, wannan kuwa an juya abin, na ƙasa ya sha gaba na sama ya koma baya, sai ka ga kamar jirgin ya sunkuyar da kai yana gudu alhali a tsaye yake.

Na kai zanen shagon kwamfuta an buga min a manyan takardu uku. N6,000.

9 Nuwamba

Na je 'Yan Katako a Na'ibawa. Masu wannan sana'a a ƙasashen waje da wani katako mara nauyi mai suna balsa suke yi, nan ko ka ce balsa sai a kalle ka. Na samu guntayen obeche marasa nauyi da rabin fallen filawud mai kauri milimita 3. Wani abu da na karanta ya ba ni dariya, ashe balsa ɗin da nake ta nema dangin rimi ne. Katako N4,500, filawud N7,000, gam N2,500, sanfefa N1,200, wuƙar yanka N800. Jimla zuwa yau N22,000.

15 Nuwamba

Yankan zobban gangar jiki. Yatsa ya sha wuƙa sau biyu. Ba wani labari.

23 Nuwamba

Gangar jiki ta tsaya, ƙwarangwal dai, ba fata. Yanzu na gane me ya sa jirgin nan ya yi tsada tun farko. A na gasken ƙashin ciki bututun ƙarfe ne aka yi wa walda, sannan a ɗora zobban katako a kai, sannan a bi da siraran sanduna daga hanci har wutsiya, sannan a lulluɓe da yadi, duk don a samu wannan lanƙwasar da ke tsukewa a baya kamar kifi. Ni siraran sandunan nan kaɗai sun ci min dare huɗu, kowacce sai na jiƙa ta a ruwan zafi na lanƙwasa na ɗaure da robar kuɗi ta kwana, in ka yi garaje ta ce ƙas. Guda shida na karya.

Ted Wells ne ya zana shi, Walter Beech da matarsa Olive Ann suka kafa kamfanin a 1932, a tsakiyar lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe mutane na layin karɓar abinci. A wannan hali suka fito da jirgin dala 14,000 zuwa 17,000, mai kujerun fata da tagogi da ake murɗawa su sauka kamar na mota, don manyan 'yan kasuwa da masu rijiyoyin mai. Ko dai ƙarfin hali ne ko taurin kai, oho, amma dai ya karɓu a hankali.

28 Nuwamba

Na ɗauki ƙwarangwal ɗin da zanen na kai wa Baba kafinta na bakin layinmu ya rage min kaurin katakon fukafuki da injinsa. Ya daɗe yana juya takardar, ya kai ta kusa da ido ya nesanta, sai ya ce "Malam, wanda ya buga maka wannan ya juya ta, ka koma ya gyara kafin ka yi asarar katako." Na ce Baba haka yake. Ya ce "a'a, ko tsuntsu ba haka Allah ya yi shi ba." Na zauna kan benci na yi masa bayani iya fahimtata, cewa da aka ja na sama baya matuƙi na ganin gabansa da samansa ba abin da ya tare shi, kuma in gudu ya ragu sosai fukafukin ƙasa da ke gaba shi ke fara sakin iska, hanci ya ɗan sunkuya da kansa jirgi ya sake samun gudu kafin na sama ya saki. Ya saurara har ƙarshe sannan ya ce "to Allah ya ba da sa'a", irin wadda ake faɗa wa wanda ba ya jin shawara. Bai karɓi ko sisi ba.

5 Disamba

Haƙarƙarin fukafuki. Yanka, goga, yanka, goga. An ɗauke wuta tun la'asar, da fitilar waya a baki na ƙarasa.

11 Disamba

Fukafukan ƙasa biyu sun haɗu, sun yi kyau wlh. Na sayi sifok na keke don wayoyin da ke ɗaure fukafukai N1,000, sufa gulu N1,500. Jimla N24,500.

14 Disamba

Innalillahi. Yau na gano na tafka kuskure, kuma ba laifin kowa ba ne sai nawa.

A bayan fukafuki akwai fallaye iri biyu masu motsi. Akwai eleron, wanda ɗaya ke ɗagawa ɗaya na sauka jirgi ya karkata dama ko hagu, akwai kuma filaf da ake saukewa lokacin sauka don rage gudu. Ni da nake yanke su sai na ajiye zanen gefe na bi wani hoto mai haske da na ajiye a waya saboda ya fi nuna layukan, na yanke eleron a fukafukin ƙasa, na goge, na saka 'yan maɗaurai na waya har yana motsi ina ta jin daɗi ina nuna wa yara. Daren jiya ina duba hotunan D17S don ganin inda ginshiƙin tsakanin fukafukai ke zama sai na ga eleron ɗinsu a sama. Na duba wani, a sama. Na uku, a sama. Na koma kan hoton da na bi, ashe C17 ne, tsohon samfuri. A D17 ne suka ƙara wa gangar jiki tsawo suka mayar da eleron fukafukin sama suka bar wa na ƙasa filaf. Wato na haɗa jikin ƙane da hannun wa.

Uwargida ta ce "Malam wa zai sani? Duk unguwar nan wa ya taɓa ganin abin nan?" Gaskiyarta, ba wanda zai sani. Na kwana ina juyi a kan maganar. Amma masu tara jiragen nan irin wannan ne abin da suke fara dubawa, mutum zai tsaya nesa ya ce maka wannan B ne, wannan C ne, wannan D ne, wancan G ne tun bai ga takarda ba, daga inda eleron yake da tsawon jiki da siffar murfin inji. Kuma ko su ba su gani ba ni zan riƙa gani kullum in na zauna shan shayi. Da asuba na ɓalle bayan fukafukan biyu. Kwana shida sun tafi a banza, da ƙarin katako N2,000. Jimla N26,500.

Daga yau hoton da ban tabbatar da samfurinsa ba na goge shi daga waya.

22 Disamba

An gyara na ƙasa. Na sama sun kusa.

27 Disamba

Hunturu ya shigo da ƙarfinsa, ya kuma taɓa min aiki. Fukafukin sama na hagu da na jingina a bango ya murɗe, in ka ɗora shi kan tebur kusurwa ɗaya na ɗagawa har yatsa ya shiga. Katakon bai gama bushewa ba lokacin da na saya, iskar nan ta zuƙe shi gefe ɗaya. Na riƙe shi kan tururin tukunya, na kwantar kan gilashin tebur, na danne da manyan littattafai da dutsen guga biyu na bar shi kwana uku. Ya miƙe, saura ɗan kaɗan da wayoyi za su ja.

2 Janairu

Haɗa fukafukai da jiki. Wannan ita ce ranar da nake tsoro tun farko domin in tazarar na ƙasa da na sama ba ta yi daidai dama da hagu ba shi kenan jirgi ya zama gurgu. Na yi 'yar gada da kwali na auna daga zane na daidaita sau ba adadi kafin na yarda na sa gam. Ginshiƙi ɗaya ne tak kowane gefe, mai faɗi, ba kamar sauran jiragen zamaninsa masu sanduna birjik ba, shi ya sa yake da tsafta a ido. Da na cire kwalin na ja da baya sai ga shi, siffar ta fito. Na yi minti goma ina kallo ban ce komai ba.

'Yata ta tambaya "Abba wa ke tuƙa irin wannan?" Na ba ta labarin Louise Thaden da Blanche Noyes, mata biyu da suka shiga tseren jiragen sama na Bendix a 1936 da Staggerwing samfurin C17R, daga New York zuwa Los Angeles, suka tsaya shan mai a Wichita, suka isa cikin awa 14 da minti 55 suka cinye gasar gaban maza da jiragen da aka ƙera musamman don tsere. Ta biyu ma mace ce, Laura Ingalls, Amelia Earhart da duniya ta fi sani ta zo ta biyar. Ta ce to a sa mata biyu a ciki. Na ce ai nasu C ne nawa D, ta ce ita ba ruwanta da wannan. Za a sa.

8 Janairu

Ƙafafu. Burina tun farko su riƙa naɗewa ciki kamar na gaske, don wannan na cikin abin da ya bambanta shi, jirgi mai fukafuki biyu amma yana haɗiye tayoyinsa a ciki, har ta wutsiya. Na farko-farkon ƙafafunsu a kafe suke, daga samfurin B17 a 1934 aka fara naɗewa, na D17S da injin lantarki da sarƙa suke naɗewa, da abin murɗawa da hannu in lantarki ya ƙi. Kuma fukafukin ƙasa da ke gaba shi ya ba da wurin da ƙafafun za su zauna daidai, ka ga abu ɗaya ya biya buƙata biyu. Na gwada da maɗaurin tabarau tsoho, na gwada da waya da ɗan sifirin na biro, sau uku jirgi na durƙushewa kan cikinsa da na sake shi. Na haƙura. Za su tsaya a sauke, da ƙofofinsu a buɗe. Tayoyi daga motar wasan yara na ciro, N1,200.

Su ma masu na gasken na ga ƙafafun nan ne ke ba su ciwon kai, dole a riƙa ɗaga jirgin kan jak ana gwada naɗewa da saukewa ana shafa mai, in aka yi sakaci ranar sauka a ji a jika.

12 Janairu

Inji. Pratt & Whitney R-985, silinda tara a zagaye, ƙarfin doki 450, shi ke kai D17S gudun da ya haura kilomita 330 a awa. Na raba da'ira tara, digiri 40 tsakani, ɗaya a tsaye cif a sama. Silindodin da guntayen bol na yi su saboda zaren bol ɗin ya yi kama da tsagin da ke sanyaya inji, wannan dabarar ta fi duk abin da na yi a aikin nan burge ni, ga shi kuma rabinta zai ɓuya cikin murfi. Murfin kuwa ƙaramin kwanon silba ne na yanke gindinsa, N1,800. Farfela mai kunne biyu na fere da obeche. Jimla N29,500.

19 Janairu

Yadi. Na shiga Kantin Kwari na sayi farin lailin mara kauri N3,000, banish da tina N5,500. Jimla N38,000. Ana manna shi a gefe-gefe sannan a bi da dutsen guga da ɗan zafi kaɗan ya ɗame. A fukafuki na biyu hankalina ya tafi kan rediyo, guga ta huda rami kamar kwabo. Na ɓare na sake.

A nan ne na ƙara fahimtar kasuwar jirgin. A zamaninsa da yadin auduga ake rufe shi, a ɗinke yadin da kowane haƙarƙari da allura da hannu, a shafa ruwan ɗamewa shafi bayan shafi ana gogewa tsakani har sai ya yi sheƙi kamar ƙarfe. Yanzu masu gyara da yadin roba suke yi amma ɗinkin da gugar suna nan, hannu ne dai. Gaba ɗaya guda 785 aka ƙera, na ƙarshe ya fita a 1949. Fiye da 400 a ciki D17S ne na soja da aka yi lokacin yaƙin duniya na biyu, sojan sama na Amurka na ce masa UC-43, na ruwa GB-2, Ingila ta karɓi wasu ta sa musu Traveller, bayan yaƙi aka sayar da su ga farar hula, shi ya sa yawancin waɗanda ke hannun mutane yau D17S ne kuma da yawansu da kakin soja suka fara rayuwa. Bayan yaƙi kamfanin ya fito da G17S a kan dala 29,000, ba su wuce 20 ba, domin a 1947 Bonanza, sabon jirgin kamfanin, ta shigo, ta ƙarfe zalla, mai fukafuki ɗaya, kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Wa zai biya kafinta da tela da mai walda a jirgi ɗaya? To yau wannan G ɗin da ya rasa masu saye shi ne masu tarawa suka fi rububi, kuma mai kyau cikin Staggerwing kuɗinsa dala dubu ɗari-ɗari ne, gyaransa daga tushe shekaru yake ɗauka. A ganina ba gudun suke saye ba, jirage masu araha da yawa sun fi shi gudu yanzu. Ni da na yi wata biyu da rabi kan ɗan ƙarami na san abin da suke biya.

24 Janairu

Shafi na uku na banish, guga, shafi na huɗu. Ɗakin ya cika da warin tina, an kore ni zuwa soro.

29 Janairu

Fenti, ko in ce masifa. Ja na zaɓa, don a hotuna ja da ruwan ɗorawa su suka fi yi masa kyau. Gwangwanin fesawa biyu N9,000. Na tashi da sassafe na ga gari shiru ba iska, na rataye jirgi da waya a tsakar gida na fesa shafin farko lafiya lau, na biyu ya kwanta yana walƙiya har ina ganin fuskata a murfin inji, na shiga ciki in sha shayi kafin ya sha iska. Ban fi minti ashirin ba. Ina fitowa hazo ya sauko, ga kuma maƙwabta sun fara shara ƙura na tsallako katanga, duk jikin ya zama kamar an barbaɗa masa gari, ka shafa ka ji kamar sanfefa. Na tsaya riƙe da kofi na rasa abin cewa. Wani abokina mai fentin mota da na kira ya yi dariya har da tari, ya ce "Yaya wa ke fenti a fili da hunturu? Ka bar shi ya bushe sarai kwana biyu, ka bi da sanfefa mai laushi da ruwa, ka sami ɗaki ka yayyafa ruwa a ƙasa ka rufe ƙofa da taga." Tsoron da nake ji kada gugar ta cinye yadin a kan haƙarƙari inda ya fi tudu, don can ne yake saurin hujewa.

Ƙarin gwangwani ɗaya N4,500, sanfefa N500. Jimla N52,000. Uwargida ta ga lissafin a littafi ba ta ce komai ba, wanda ya fi magana ciwo.

3 Fabrairu

Na goge. Wuri biyu yadin ya fito fari amma bai huje ba, alhamdulillah.

6 Fabrairu

Na fesa a banɗakin baƙi, ƙasa a jiƙe, tawul a ƙarƙashin ƙofa, hanci a ɗaure. Ya fita tas. Ƙura ɗaya ce tak a kan wutsiya kuma na yafe mata.

Ina jiran ya bushe na zauna kallon hotunan gidan tarihin Beechcraft da ke Tullahoma a jihar Tennessee. A 1973 aka kafa shi da sunan gidan tarihin Staggerwing, Louise Thaden ɗin nan na cikin waɗanda suka zaburar da a yi shi, kuma jirgi na farko mai lamba 1 yana can, bayan ya yi hatsari a 1936 aka tattaro ragowarsa aka sake gina shi. Duk Oktoba masu jiragen kan tashi su sauka can su jera su kan ciyawa. Abin da na lura da shi, mutanen nan ba ajiye su kawai suke yi ba, tashi suke da su, mutum ya kashe dukiya da shekaru sannan ya hau abin ya keta gajimare da shi ya sauka yana goge man da injin ya fesa a ciki da tsumma. Ni nawa ko yara ban bari su taɓa.

13 Fabrairu

Layin ado na gefe da baƙi, wayoyin sifok sun shiga, fukafukin hagu ya ƙarasa miƙewa kamar yadda na yi fata. Gilashin gaba daga robar ruwa na yanka, na farko ya yi fari da sufa gulu ya taɓa shi, na biyu da gam na ruwa na manna. Kujeru daga tsohon walat ɗina na fata.

Saura: sitiyari, lambobin jiki, da mata biyu da aka yi min oda. Mai gilashi ya ce akwatin da zai rufe shi N35,000, na ce sai ƙarshen wata. Kafin nan yana saman wardirof an lulluɓe shi da tsohon zani.

15 Fabrairu

Na sauko da shi na kai wa Baba kafinta ya gani. Ya goge hannu a riga kafin ya karɓa, ya ɗaga shi sama ya leƙa cikinsa, ya ƙwanƙwasa fukafukin da farce ya ji ƙarar yadin. Ya ce "aiki ya yi kyau Malam, Allah ya sa albarka." Ya miƙo min, na juya zan tafi sai na ji ya ce wa yaronsa "amma fa har yanzu a juye yake."

Gobe zan fara feren matan. Guntun obeche ɗaya ya rage, in na yi hankali zai isa biyu.